Koren Reshe da Jan Sanda

Turku, 5 ga Nuwamba, 1978

Zuwa ga 'yata Outi,

Gaisuwa mai tarin yawa daga wata tsohuwa da ba lallai ki tuna fuskarta ba. Ni ce Aune. Ni da kakarki Hilja 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma sau biyu kacal na taɓa ganinki: ranar da aka kai ki coci kina jaririya, da ranar da kika ɓarar mini da kofi a siket kina 'yar shekara shida. Ina fatan kina lafiya. Ni dai gwiwoyi na nan suna gunaguni, kunnuwa kuwa sun yi ritaya sun bar ni. Shi ya sa ba ni da hulɗa da wayar tarho, sai takarda.

Mahaifiyarki ta rubuto mini cewa an tura ki Kuikkala aikin jinya. Da na karanta sai da na cire tabarau na ajiye. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a garin nan da tsibirin Majasalo, marigayi mijina Taisto kuma shi ke tuƙa motar gidan waya. Har yau idan na rufe ido da rana ina ganin shuɗin hasken da yake kwantawa a kan tafkin a watan Disamba, lokacin da rana take leƙowa ta fasa fitowa.

To amma ba mafarki ya sa na ɗauki alƙalami ba. Tambaya gare ni: me ke ƙarƙashin motarki? Ki buɗe tafin hannunki ki duba. Duk motar nan, da ke da jakar magungunanki, a kan wuri huɗu kuke tsaye, kowanne bai fi wannan tafin ba. Ki sa tayoyi masu ƙusa, waɗanda ke kama ƙanƙara, guda huɗu cif. Makon farko ki lallaɓa su kamar sabon takalmi, don ƙusoshin su zauna. Ki ajiye shebur da buhun yashi da safar ulu a but ɗin motar.

Ki yi haƙuri da ni. Malamar da ta rasa aji, duk wanda ya gifta ɗalibinta ne.

Goggonki,
Aune

Kuikkala, 19 ga Nuwamba, 1978

Goggo Aune,

Na gaishe ki da kyau. Ina lafiya, in ban da mura da ta yi mini maraba. Siket ɗin ma na tuna shi, ruwan toka ne, ki yafe mini.

Wasiƙarki ta makara da kwana biyu. Kafin na baro Tampere na sa masu ƙusa guda biyu a gaba, na bar na rani a baya. Ranar Juma'a ina gangarowa kwanar da ke bayan coci, a hankali kuwa, sai kawai na ga bayan motata ya zo yana gaida gabanta. Muka juya sau ɗaya da rabi, shiru, ba ƙara, kamar a cikin ruwa. Na farga ina kwance a rami ina kallon sama ta gilashin gefe.

Reino bakanike ne ya zo ya jawo ni da tarakta. Ya zagaya motar yana sosa ƙeya.

"Sista, taya biyu? Ke ma takalmi ɗaya kike sawa ki fita?"

Na ce masa mai sayarwa a Tampere ya ce biyu sun isa.

"A Tampere! Can ai ƙanƙarar ma ta yi makaranta, tana jin magana. Tamu jahila ce."

Yanzu dai huɗu gare ni, kuma duk garin sun san kalar ƙarƙashin motata.

Ga abin da ke damuna. Kowace Alhamis ina zuwa Majasalo duba tsofaffi. Yanzu kwalekwale mai inji ke kai ni, amma an ce da tafkin ya daskare sosai, ni zan tuƙa kaina a kan ƙanƙara, kilomita shida, ruwa a ƙarƙashina. Goggo, ni da ƙasa ma ta kayar! Na rubuta takardar neman a mayar da ni kudu. Tana cikin aljihun tebur, ban aika ba tukuna. Idan ranar ta zo na kasa hayewa, zan aika.

Taki,
Outi

Turku, 3 ga Disamba, 1978

'Yata Outi,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan murar ta tafi. Ki sha ruwan zafi da zuma, ko da yake wane ni da koya wa nas magani. Ni lafiya lau. Reino da kike faɗa, in ɗan gidan Pesonen ne, ki ce masa har yau ina tuna yadda ya sha wuya da lissafin rabawa.

Ki bar takardar nan a aljihun tebur. Ki ba ni wata biyu.

Da farko, ranar Lahadi ki je gaɓar da ke bayan injin katako, inda ruwan bai kai gwiwa ba, idan Reino ya ce ƙanƙarar ta yi ƙwari. Ki zame da motar da gangan. Ki yi ta zamewa har abin ya daina ba ki tsoro ya fara ba ki dariya. Haka Taisto ya koya mini. Birki ƙwai ne a ƙarƙashin ƙafarki. Idan mota ta ƙwace, ki ɗaga ƙafa daga totur, ki taka kuloci, kada ki kalli abin da kike tsoro. Ki kalli inda kike son zuwa, hannu ido yake bi.

Ranar hayewa kuwa dokokin tudu suna juyewa. Ki kwance bel ɗin kujera. Kada ki kulle ƙofa, don ki iya fita da sauri in ƙanƙara ta fashe. Kada ki tsaya a tsakiya, kada ki bi wata mota kurkusa. Ki sauke gilashi ko da sanyi zai cije miki kunne, ki saurara.

Wannan sauraron shi ne abin da na fi so ki koya. Ƙusoshi suna waƙa a kan ƙanƙara, 'yar nan. Idan ƙanƙarar mai kauri ce busasshiya, muryarsu siririya ce, kamar yayyafin farko a kan rufin kwano daga can nesa. Idan ruwa ya hau ta a ƙarƙashin dusar ƙanƙarar, ko ta yi rauni, sai muryar ta dushe, ta yi nauyi, kamar mai magana da burodi cike da baki. Ido ba ya ganin wannan, don duk fari ne. Idan kin ji haka, kada ki taɓa birki. Ki yi kwana mai faɗi ki koma inda waƙar take.

Shekara huɗu ke nan rabona da jin ƙarar cokali a kofi, amma wannan waƙar ba ta bar ni ba. Wani lokaci ina zaune ina saƙa sai in ji ta, in ga tsibirin yana tasowa daga farin hazo kamar ba a ƙasa yake ba, hayaƙin gidaje a miƙe sak.

Hanya kuwa ba za ki ɓata ba. Ana kafa korayen rassan kuusi, bishiyar da ake ƙawatawa a Kirsimeti, a jere daga gaɓa zuwa gaɓa. Ki sa su a hannun damarki ki bi su. Koren reshe ba ya ƙarya.

Goggonki,
Aune

Kuikkala, 14 ga Janairu, 1979

Goggo,

Barka da sabuwar shekara. Lafiyata ƙalau, har na yi ƙiba, don kowane gida na shiga sai an dasa mini kofi da baƙin burodi da kifi. Na gode da safar da kika saƙa mini.

Lahadi biyar na yi ina juyi a bayan injin katako. Ta uku na kama kaina ina dariya ni kaɗai, kamar yadda kika ce. Amma zancen kwance bel, Goggo! Shekara biyu na yi a ɗakin 'yan hatsari ina yi wa mutane faɗa a kan bel. Batun waƙar ƙusoshi kuma, anya lissafi kika koyar ba waƙoƙi ba? Na sauke gilashi, abin da na ji kawai haƙorana ne suna kaɗawa.

Reino ya ce a gaishe ki, ya ce har yau rabawa ba ta shiga kansa, shi ya sa ba ya raba kifinsa da kowa. Shagonsa cike yake da wasu dogayen sanduna da yake shafa wa jan fenti, aikin hukuma wai, har sun ɓata mini kwat.

An ce za a buɗe hanyar tafki mako mai zuwa. Hayewata ta farko Alhamis, 25 ga wata. Koren reshe a dama. Na haddace.

Taki,
Outi

Turku, 23 ga Janairu, 1979

Outi,

Gaisuwa a gurguje, lafiyata lau. KADA KI BI KOREN RESHE. Ki bi jan sanda.

Sau uku na karanta wasiƙarki ina dariyar kwat ɗinki, na ɗauka sandunan na bakin titi ne. Yau da safe na leƙa tsakar gida na ga itatuwan Kirsimeti da maƙwabta suka zubar, sai abin ya faɗo mini. Shekarata ta ƙarshe a can, masunta sun yi ta ƙorafi a taron gari cewa a bar musu rassa su riƙa nuna ramukan da suke huda wa ragarsu, hanya kuwa a yi mata sanduna masu fenti. Na taso kafin a yanke magana. Shekara goma sha ɗaya ke nan. In sun yi hakan, koren reshe yanzu ramin ruwa yake nunawa, a mashigin da ruwa ke gudu a ƙarƙashi, inda ƙanƙara ta fi rauni.

Na roƙi maƙwabciyata ta buga miki tangaraho zuwa asibiti. Ki tambayi Reino kafin ki tada mota. Ki rubuto da zarar kin karanta, ko layi ɗaya ne.

Aune

Turku, 30 ga Janairu, 1979

'Yata,

Ina gaishe ki, ban san ko gaisuwar tana isa ba. Kada ki tambayi lafiyata.

Alhamis ta wuce da kwana biyar. Mai kawo wasiƙa yana zuwa ƙarfe sha ɗaya. Tunda ba na jin faɗuwar takarda, sai na jawo kujera gaban ƙofa na zauna ina kallon 'yar kafar. Jiya tallar kanti ce ta faɗo. Maƙwabciyata ta buga wayar Kuikkala sau huɗu, an ce guguwa ta tsinke layin. Mahaifiyarki ban rubuta mata ba, don ban san me zan ce ba.

Ina ta gaya wa kaina cewa mugun labari ya fi kowane labari sauri, da wani abu ya faru da tuni ya iso. Sai wata zuciyar ta ce, ko dai kin tsira ne kika gane tsohuwar da ta cika ki da darasi ita ce ta nuna miki rami, kika ajiye alƙalami. In haka ne, na karɓa da hannu biyu. Ki yi fushin shekara goma, ki dai kasance kina numfashi.

Na rubuta miki "ba ya ƙarya" kamar ina rubutu a allo. Tafkin da ke cikin kaina ya daskare tun shekarar da na bar shi, bai sake narkewa ba, ni kuwa na manta cewa na gaskiyar sau goma sha ɗaya ya narke ya sake sabuwar fata. Da na ce miki ki tambayi mutanen wurin, da na fi zama malama.

Dusar ƙanƙara tana sauka a nan yanzu, manya-manya, a hankali. Ina kallonta ina ƙirga kilomita shida.

Aune

Kuikkala, 2 ga Fabrairu, 1979

Goggo Aune,

Ina raye, lafiyata ƙalau, yatsu goma na hannu goma na ƙafa. Ki tashi daga gaban ƙofar nan ki dafa kofi, sannan ki karanta sauran.

Jiya na dawo na tarar da tangaraho da wasiƙunki biyu a kan teburina. Tangarahon babban asibitin gunduma aka kai shi, ya kwana biyu a can. Ni kuma guguwa ta tsare ni a tsibiri kwana bakwai.

Ranar Alhamis ɗin na sauka kan tafki wajen ƙarfe goma, gari ya yi wannan shuɗin naki. Ban tambayi kowa komai ba, don na gaji da zama abin dariya. Na kwance bel ina jin kamar na fita ba riga. Na sauke gilashi. Da farko jan sanda da koren reshe tare suke tafiya, ban ma kula ba. Iska tana jan dusa a kan ƙanƙara kamar farin hayaƙi, sama da ƙasa duk launi ɗaya, har na rasa ko tafiya nake ko tsaye nake tafkin ke wucewa. A nan na ji ta, Goggo. Siririya, daga nesa, yayyafi a kan kwano. Na ce a raina, ashe tsohuwar nan ba waƙa take rerawa ba.

Wajen kilomita na huɗu suka rabu. Sanduna suka yi hagu, iska ta rufe sawun da ke bin su. Rassa suka yi dama, kore shar, a jere, ga sawun wani abu a gefensu. Na ce koren reshe ba ya ƙarya, na bi.

Ban yi nisa ba waƙar ta dushe. Idona bai ga komai ba, fari ne kamar ko'ina, amma muryar ta koma ta mai burodi a baki. Ƙafata ta tashi da kanta za ta taka birki. Na ce mata ƙwai. Can gaba na hango baƙin abu a gindin wani reshe, idona ya manne masa, motar ma ta fara nufarsa. Da ƙyar na cire ido na mayar kan wani jan ɗigo can hagu. Na karya sitiyari kaɗan-kaɗan. Ruwa ya yi tsalle ya shigo ta taga ya jiƙa mini kafaɗa. Bayan motar ya ɗan yi rawa, ƙusoshin baya suka kama. Ban san tsawon lokacin ba. Sai dai na ji yayyafin ya dawo.

Da na isa gaɓa na kashe inji na kasa fitowa. Wani masunci ya biyo ni a guje, gemunsa duk ƙanƙara, Urpo sunansa.

"Sista! Ragata kika zo dubawa da mota? Kifin nan lafiyarsu ƙalau, ba sa son allura!"

Na ce masa an ce in bi koren reshe.

"Wa ya ce? Mutumin ya mutu ne ko yana Turku?"

Da na faɗi sunanki sai ya cire hula a cikin wannan sanyi. "Malama Aune? Ita ta koya mini karatu. To ai kuwa a zamaninta gaskiya ta faɗa." Ya koma ya dubi sawuna da ya yi baka a kan tafkin. "Amma wa ya ce ki juya a daidai can? Taku ashirin ya rage ki faɗa ramin ragata."

Na ce tayoyin ne suka canza murya.

"Kin ji su? Ni shekara arba'in ina kan tafkin nan, matata ma ba na ji."

Ba zan ɓoye miki ba, yini guda na yi ina fushi da ke, ina kwance a ɗakin matar Urpo ana ɗura mini miyar kifi. Washegari fushin ya nemi wurin zama ya rasa. Layi ɗaya kika yi kuskure, shi ma da na buɗe baki na tambayi Reino da ya gyara. Sauran layukan su suka fito da ni, har da wanda na yi wa dariya.

Jiya na tuƙo kaina na dawo, jan sanda a gefena, gilashi a sauke. Takardar aljihun tebur kuwa na hura murhu da ita yau da safe.

Yanzu saura roƙo. Urpo ya ce hanyar za ta kai ƙarshen Maris. Ki zo. Na san za ki ce ba kya ji. Na gwada wani abu a hanyar dawowa: idan ka cire safar hannu ka ɗora tafi a jikin ƙofa, waƙar tana shigowa ta ƙashi.

Taki har kullum,
Outi

Turku, 7 ga Fabrairu, 1979

'Yata Outi,

Na gaishe ki. Lafiyata ta dawo ranar Litinin da ƙarfe sha ɗaya. Kofin ya huce ban sha ba, kujera ta koma wurinta.

Ki gaida Urpo, ki ce ya mayar da hularsa. Zan iso tashar jirgin ƙasa ranar Laraba, 14 ga Maris, da rana. Na ciro tsohon kwat ɗin Taisto na shanya.

Sharaɗina ɗaya ne. Idan mun sauka kan tafki, kada ki tambaye ni hanya. Ke za ki nuna mini. Ni zan zauna a dama, bakina a rufe, tafina a jikin ƙofa.

Goggonki,
Aune